In ƙwayar halitta na iya rabuwa ba sentirosom, to mene ne aikinsa?

Autar Mama:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da muka shiga darasin rabuwar ƙwayar halitta. An koya mana cewa daga sentirosom ne maikirotubul ke tsirowa, kuma shi ke kafa kawuna biyu na mazarin da ke raba kuromosom gida biyu. Sai kuma aka ce tsire-tsire masu fure ba su da sentirosom ko kaɗan, ƙwan mace ma ba shi da sentiriyol, amma duk suna rabuwa. Don Allah a warware mini abu biyu. Furotin ɗin da ke cikin sentirosom, me suke yi wa maikirotubul takamaimai? Kuma in ana iya yi ba shi, don me ake ba shi wannan girman?

Dakta Abu Safwan:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Bari in ɗauki ta farko, ta biyun na san akwai masu jiran ta a gidan nan.

Maikirotubul siririn bututu ne, faɗinsa nanomita 25. Da furotin tubulin ake gina shi, alfa da beta a manne da juna, suna jeruwa layi-layi, layi 13 su naɗe su zama bututu. Tunda duk fuska ɗaya suke kallo, bakinsa biyu ba ɗaya ba ne. Akwai bakin tarawa, inda beta ke waje, shi ke saurin tsawo da saurin rushewa. Akwai bakin ɗebewa, inda alfa ke waje, shi ne yawanci yake dafe a sentirosom. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka nuna cewa bututun ba ya zama wuri ɗaya: yana cikin tsawo sai ya juya ya fara warwarewa, can kuma ya sake kama tsawo. GTP, wani ɗan sinadari da ke jikin beta, shi ke riƙe da bakin kamar hula, da zarar hular GTP ta ƙare sai rushewa.

Wahalar tana wurin farawa. Ƙara tubulin a kan bututun da ya riga ya kafu abu ne mai sauƙi, amma a ce guda-guda su taru da kansu su yi zoben farko, wannan da wuya ya faru a yawan tubulin ɗin da ke cikin ƙwaya. Kamar saƙar kwando ce, gindin ne aiki, in ya ɗauru sai hannu ya yi ta tafiya. Wanda ke ba da gindin shi ne gama-tubulin. Berl Oakley da Elizabeth Oakley ne suka gano shi a 1989 a jikin naman gwarin Aspergillus nidulans. A 1995 Yixian Zheng da abokan aikinta suka tace wani babban zobe daga ƙwan kwaɗon Xenopus, wanda ake kira γ-TuRC, wato zoben gama-tubulin, ko zoben gama a taƙaice. Hotunan da aka samu a 2020 sun nuna gama-tubulin 14 ne a jere a kan wasu furotin, GCP2 zuwa GCP6, gama-tubulin na farko da na ƙarshe suna hawa kan juna, shi ya sa layi 13 ke fitowa. Tubulin zalla in ka bar shi a kwalba ya haɗu da kansa, sau da yawa layi 14 yake yi. Wanda ya tsiro daga sentirosom kuwa 13 ne.

Zoben yana zama a bakin ɗebewa ya rufe shi, bakin tarawa kuma ya miƙa cikin ƙwaya yana laluben kuromosom.

Autar Mama:
Na gode Dakta, Allah ya ƙara basira. Ke nan sentiriyol ɗin nan biyu su ke riƙe da zoben?

Baban Khairat:
A'a ƙanwata, a nan ne da yawa ke ruɗewa, saboda a zane sentiriyol ne ke fitowa ɓaro-ɓaro. Sentiriyol ɗan gajeren ganga ne, tsawonsa wajen nanomita 500, bangonsa bututu uku-uku ne har sau tara. Amma ba daga jikinsa maikirotubul ɗin mazari ke fita ba. Daga tarin furotin ɗin da ke lulluɓe da shi suke fita, wanda ake kira PCM. Aikin sentiriyol shi ne ya tara wannan lulluɓi wuri ɗaya.

Da can ana ɗauka PCM wani curi ne kawai marar tsari. A 2012 ƙungiyoyin bincike da dama suka duba shi da sababbin madubai masu ƙarfi, sai ga shi hawa-hawa yake. Perisentirin, misali, dogon furotin ne, kansa ɗaya a jikin bangon sentiriyol, ɗayan ya miƙe waje.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake kumbura gab da rabuwa. A ƙarshen zangon G2, wato zangon ƙarshe kafin rabuwa, CEP192 yana tara enzayim biyu masu liƙa fosfet, Aurora A da PLK1. Aurora A ya tayar da PLK1, shi kuma PLK1 ya liƙa fosfet a kan perisentirin da CDK5RAP2 da CEP192 ɗin kansa, sai su fara kama juna suna faɗaɗa. Da wurin ya faɗaɗa sai ya ƙara jawo PLK1, PLK1 ya ƙara faɗaɗa shi. NEDD1 kuma shi ke riƙo zoben gama ya kawo shi. Cikin ɗan lokaci gama-tubulin ɗin da ke sentirosom ya ninka sau uku ko fiye.

Kuma kawo zoben kaɗai bai isa ba. Akasarin zobban gama suna yawo ne a cikin ruwan ƙwaya, ba sa tsirar da komai. Hotunan 2020 da Dakta ya ambata sun nuna zoben a ɗan buɗe yake, bai yi daidai da bakin bututu ba sai ya tsuke. CDK5RAP2 yana da wani ɗan sashe mai suna CM1 da ke kama zoben ya taimaka masa ya tashi aiki. Wannan shi ne amsar tambayarki ta farko a taƙaice: furotin ɗin sentirosom su ke cewa a nan za a tsira, yanzu za a tsira, kuma da yawa za a tsira.

Dakta Abu Safwan:
Madalla. Ƙari ɗaya a kan abin da Malam ya kawo: ba tsirarwa kaɗai suke yi ba, har da yanka da datsewa. A kan mazari akwai ch-TOG, wanda ke ɗora tubulin a baki ya hanzarta tsawo, kuma Aurora A ne ke liƙa wa furotin TACC3 fosfet don TACC3 ya tafi da ch-TOG inda ake bukata. A gefe guda KIF2A yana zaune a wurin yana cin bakin ɗebewa, katanin kuma yana sare bututu daga tsakiya, ASPM ne ke taimaka masa ya sami wurin. Waɗanda aka sare ba a bar su su watse ba, dainin, furotin mai tafiya a kan bututu kamar mota, da abokin aikinsa NuMA suna tattaro bakunansu su ɗaure su a kan mazari. Shi ya sa maikirotubul ɗin da kan yi mintuna a raye lokacin da ƙwaya ba ta rabuwa, in rabuwa ta zo da yawansu daƙiƙoƙi suke yi su rushe a sake wasu. Wannan saurin ne ke ba su damar laluben kuromosom 46 cikin ƙanƙanin lokaci.

Ɗan Lab:
Salamu alaikum. Ranka ya daɗe Dakta, duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ba a taɓa tambayar yarinyar nan ta biyu ba, kuma ni a ganina ita ce tambayar. Ni ina cikin masu ganin an zuzuta sentirosom fiye da kima.

Ga hujjojina. A 1996 Rebecca Heald, a ɗakin binciken Eric Karsenti a Jamus, ta shafa DNA a jikin ƙananan duwatsun roba ta zuba su a ruwan ƙwan kwaɗo. Babu sentirosom, babu ma kuromosom na gaske. Mazari mai kai biyu ya haɗu a kewayensu. A 2000 Alexey Khodjakov da Conly Rieder suka ƙone sentirosom da hasken leza a ƙwayoyin ƙodar biri, mazari ya haɗu. A 2006 Renata Basto da Jordan Raff suka samar da ƙudan Drosophila marar furotin Sas-4, wato marar sentiriyol, ƙudan ya girma har ya fito da fukafukai da ƙafafu. Sannan ga duk bishiyar da ke duniya mai fure.

Hanyar ma an san ta. Furotin RCC1 yana zaune a jikin kuromosom yana samar da Ran-GTP, wato furotin Ran ɗauke da GTP, shi kuma Ran-GTP yana sakin TPX2 da 'yan uwansa su tsirar da bututu a gefen kuromosom. Ga kuma augmin, wanda Gohta Goshima da abokansa suka bayyana a 2008, yana dasa sabon bututu a gefen tsoho ya yi reshe. To mene ne ya rage wa sentirosom?

Maman Hanif:
Malam Ɗan Lab, ka yi haƙuri in shigo ta ɓangaren da na sani, ɓangaren yara. Akwai larurar da ake haihuwar jariri da ƙaramin kai da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta hanyar gado, ba don wata cuta ta kama uwar ba. Da aka bi diddigin umarnin gadon da ke samun tangarɗa a irin waɗannan iyalai, sunayen da suka riƙa fitowa na furotin ɗin sentirosom da mazari ne, irin waɗanda aka jera a sama. ASPM a 2002, kuma shi ya fi yawa. CDK5RAP2 da CENPJ a 2005. Daga baya STIL da CEP152 da WDR62. Shi CENPJ ɗin ma shi ne ɗan uwan Sas-4 na ƙudanka. Perisentirin kuwa, a 2008 aka gano cewa lalacewarsa ce ke kawo wani nau'in wadanci mai tsanani da ake kira MOPD II, inda jiki duka ke zama ƙarami tun daga ciki.

Wanda ya taɓa zama da iyayen irin wannan yaro ba zai iya cewa furotin ɗin nan ado ne ba. Ƙuda ya fito da fukafukai, na yarda. Ɗan Adam fa?

Ɗan Lab:
Allah ya ba su lafiya, ya ba iyayen juriya. Hajiya ban ce ado ne ba. Amma ki duba, yaron da ba shi da CDK5RAP2 mai aiki yana da hanta, yana da fata, yana da jini, kuma duk da rabuwar ƙwaya aka yi su, sau biliyoyi. In da mazari ba ya haɗuwa sai da furotin ɗin, ai ko cikin ba zai zauna ba. Wannan ma hujja ce gare ni. Sentiriyol yana da wani aikin daban, shi ne gindin siliya, ɗan gashin da ke fitowa a bayan ƙwaya. Ƙudajen Basto abin da ya kashe su jim kaɗan bayan fitowarsu shi ne rashin siliya a jijiyoyin ji, ba su iya tsayuwa ko tafiya daidai. Ba rabuwar ƙwaya ce ta kashe su ba.

Dakta Abu Safwan:
Malam, hujjojinka masu ƙarfi ne, kuma kowane ɗalibi ya kamata ya san su. Amma ka karanta rabin sakamakon ne ka bar rabi.

Ƙudajen nan, a farkon rayuwarsu cikin ƙwai da Sas-4 ɗin da uwarsu ta zuba musu suka rayu. Ƙwan ƙuda a farkonsa cibiyoyi ne da yawa, wato ma'ajiyar kuromosom, ke rabuwa cikin sauri a ruwa ɗaya, babu bango tsakaninsu, kuma a nan in babu sentirosom komai cakuɗewa yake yi. Sannan a wannan binciken dai an ga mazari yana jinkirin haɗuwa, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na rabuwar ƙwayoyin tushen ƙwaƙwalwa ba ta tafi daidai ba. A tsutsar C. elegans kuwa, in ka cire SPD-5, wanda shi ne ƙashin bayan PCM ɗinta, rabuwar farko ma ba ta yiwuwa. Ƙwayoyin da aka ƙone wa sentirosom da leza sun yi mazari, amma ba su da bututun da ke fita daga kan mazari zuwa bangon ƙwaya. Waɗannan su ne dainin ke kamawa a bango, tare da NuMA da LGN, ya juya mazari ya fuskanci inda ya dace. Ga ƙwayar da za ta haifi 'ya'ya biyu iri ɗaya wannan ba wani abu ba ne. Ga ƙwayar tushen ƙwaƙwalwa, wadda fuskar rabuwarta ke da hannu a makomar 'ya'yanta, babban abu ne.

Sai maganar lokaci, wadda ni a wurina ita ce zuciyar al'amarin. A 2015 wasu masu bincike a San Diego ta Amurka, cikinsu har da Karen Oegema, suka fito da sinadarin sentirinon, wanda ke hana yin sabon sentiriyol. Ƙwayoyi suka yi ta rabuwa har sentirosom ya ƙare musu. Masu lafiya suka tsaya cak, p53, furotin mai tsayar da ƙwayar da ta sami matsala, ya tsayar da su. Na sankara da yawa suka ci gaba, amma a hankali kuma da kurakurai. A 2016 ƙungiyoyi uku suka gano masu kai wa p53 labari, su ne 53BP1 da USP28. Tun 2010 an nuna cewa in ƙwayar ɗan Adam ta wuce awa ɗaya da rabi tana fafutukar jera kuromosom, ko da ta gama lafiya, 'ya'yanta ba za su sake rabuwa ba. Ƙwaya tana auna tsawon lokacin da ta ɗauka. Ba sentirosom, mazari zai haɗu, amma a makare, kuma jiki ba ya yafe makara.

Wannan ya haɗu da abin da Hajiya ta kawo. A ɓeraye, in aka cire Sas-4 a ƙwaƙwalwa mai tasowa, ƙwayoyin tushe suna jinkiri a rabuwa, p53 ya kashe su, kai ya fito ƙarami. Da aka cire p53 ɗin ma, girman ƙwaƙwalwar ya dawo. A 2014 aka buga wannan. Ƙwaƙwalwa tana bukatar ƙwayoyi masu ɗimbin yawa cikin ƙayyadadden lokaci, asarar da hanta za ta iya cikewa daga baya ita ba ta da wannan damar.

Ƙwan mace da Autar Mama ta ambata ma shaida ne a gare ni. A 2015 ɗakin binciken Melina Schuh ya ɗauki hoton ƙwan ɗan Adam yana haɗa mazari, wajen awa 16 yake ɗauka, kuma kawunansa suna yawan wargajewa su sake haɗuwa. Ƙwayar jiki mai sentirosom cikin mintuna take gamawa.

Ɗan Lab:
To Dakta, ai mun kusa haɗuwa. Ka yarda ba shi ke yin mazari ba.

Dakta Abu Safwan:
Na yarda ba shi kaɗai ba. Amma ka lura, hanyar Ran da hanyar augmin duk zoben gama ɗin nan suke kira, tsire-tsire ma da shi suke aiki. Injin ɗaya ne, masu kiransa ne uku. Bambancin sentirosom shi ne yana farawa tun kafin bangon cibiya ya fashe, kuma wuri biyu ne tak. Kafin kuromosom su fito fili an riga an san ina ne gabas ina ne yamma.

Autar Mama:
Malamai ina biye. Wannan "biyu tak" ɗin nake son ganewa. Ƙwaya da sentirosom ɗaya take farawa. Wa ke ƙirga mata har ya zama biyu, bai zama uku ba?

Baban Khairat:
PLK4 ne mai ƙirgar. A farkon zangon S, lokacin da ake kwafar DNA, CEP192 da CEP152 suna kawo PLK4 gindin kowane tsohon sentiriyol. Da farko zagaye shi yake yi, daga baya ya tattare a ɗigo ɗaya. A ɗigon nan yake kama STIL, STIL ya kawo SAS-6. Shi SAS-6 bibbiyu yake haɗuwa, tara daga cikinsu su yi da'ira mai ƙafa tara, kuma daga nan tarar nan ta sentiriyol ta samo asali, kamar yadda aka nuna a 2011. CPAP, wato furotin ɗin CENPJ, shi ke taimakawa a ja tsawon sabon.

Abin da ke hana wuce gona da iri biyu ne. PLK4 in ya yi yawa yana liƙa wa ɗan uwansa fosfet, wannan fosfet ɗin kuma alama ce ta a kai shi a niƙe. Da kansa yake rage kansa. In aka tilasta wa ƙwaya ta yi shi da yawa, sai ka ga sababbin sentiriyol biyar ko shida sun kewaye tsoho ɗaya. Na biyu, muddin sabo yana manne a gefen tsoho, tsohon ba ya sake haihuwa. Sai a ƙarshen rabuwa PLK1 da separes su raba su, separes ɗin da ke yanke abin da ya ɗaure kuromosom 'yan biyu. Enzayim ɗaya ne ke buɗe kuromosom da sentiriyol, shi ya sa lissafinsu ke tafiya tare.

Bayan sun zama biyu ma suna nan ɗaure da juna da igiyar C-Nap1 da rutletin, suna aiki tamkar guda. Gab da rabuwa Nek2 ya liƙa musu fosfet igiyar ta kwance. Sai Eg5 ya shiga. Mota ce mai kai huɗu, biyu su kama bututun wannan sentirosom, biyu su kama na wancan, ta yi tafiya zuwa bakin tarawa na kowanne, sai ta ture su nesa da juna. A 1999 aka gano sinadarin monastirol mai tsayar da Eg5. In ka zuba shi, sentirosom biyu su zauna wuri ɗaya, kuromosom su kewaye su, rabuwa ta tsaya.

Ummu Nabila:
Assalamu alaikum. Tunda an zo kan ƙirga bari in sa baki, don aikina duba naman ƙari ne a madubi. Abin da ido ke gani a ƙari mai muni, wani lokaci, shi ne mazari mai kai uku ko huɗu. Ba sabon gani ba ne. Edouard van Beneden a Beljiyam da Theodor Boveri a Jamus sun bayyana sentirosom a 1887 a ƙwan tsutsar cikin doki. Boveri ya ci gaba da ƙwan bushiyar teku da maniyyi biyu suka shiga. Kowane maniyyi ya kawo nasa, sai mazari ya yi kai fiye da biyu, kuromosom suka rabu ba daidai ba, 'ya'yan suka lalace. A 1914 ya rubuta littafi yana cewa irin wannan rabon na iya zama asalin sankara. Shekara ɗaya bayan nan ya rasu.

Malam Ɗan Lab, wannan ne ya sa ban yarda da kai ba. Ko da rashinsa bai hana mazari ba, yawansa yana lalata shi. In sentirosom yana nan, shi ke rinjaye. Duk inda ya tsaya nan kan mazari yake.

Ɗan Lab:
Malama, ƙwayar da ta rabu gida uku ai 'ya'yanta mutuwa suke yi. Ta yaya matacce zai zama ƙari? Kuma wa ya ce yawan sentirosom ne ya kawo sankarar, ba sankarar ce ta kawo shi ba? Ƙwayar da ta kasa tsagewa gida biyu a ƙarshen rabuwa za ta tashi da sentirosom biyu a maimakon ɗaya, ba laifin PLK4 a ciki.

Ummu Nabila:
Gaskiya ne yawancinsu mutuwa suke yi, kuma ɗakin binciken David Pellman a Boston ya nuna haka a 2009. Amma ga abin da suka ƙara gani. Ƙwayar sankara ba ta cika rabuwa gida uku ba. Tana fara mazari mai kai da yawa, sai ta tattara sentirosom ɗin su koma rukuni biyu. Motar da ke wannan aikin ita ce HSET, wadda ake kira KIFC1, mai tafiya zuwa bakin ɗebewa. A ƙarshe rabuwa biyu ake yi, 'ya'ya su rayu. Ɓarnar ta riga ta faru a tsakani: lokacin da kawuna suke da yawa, kainetoko ɗaya, wato wurin da bututu ke kama kuromosom, yakan kamu daga ɓangare biyu a lokaci guda. Mai gadin rabuwa abin da yake dubawa shi ne ko akwai kainetokon da ba a kama ba. Wannan kuwa an kama shi, har ma fiye da kima, sai a ba da izini. Kuromosom ɗin ya maƙale a tsakiya, ya faɗa gidan da ba nasa ba. Ɗaya yau, ɗaya gobe, ƙwaya tana raye tana sauyawa.

Batun wanne ya riga wanne, a 2017 ɗakin binciken Andrew Holland ya ɗan ƙara PLK4 a ɓeraye, ba a taɓa musu komai ba sai wannan. Ɓerayen suka riƙa fitar da ƙari da kansu, kuma ƙwayoyin ƙarin kuromosom ɗinsu a hargitse. Wannan bai nuna kowace sankara haka ta faro ba, kuma hanyar da ka ambata ma tana faruwa. Amma ya nuna yawan sentirosom kaɗai yana iya zama mafari.

Baban Khairat:
Kuma jiki yana da mai gadin wannan ɓangaren ma. In tsofaffin sentiriyol suka wuce ɗaya a ƙwaya, wani rukunin furotin mai suna PIDDosome yana tashi, ya sa kaspes-2 ya yanke MDM2, shi kuwa MDM2 shi ke danne p53. Rashi yana kai ƙara wurin p53 ta hanya ɗaya, yawa ta wata hanyar. Abin da aka sa wa masu gadi biyu, ni dai ba zan kira shi ɗan rakiya ba.

Maman Hanif:
Dakta, tambaya daga gefe. Na ji ana cewa PCM ruwa-ruwa ne, ɗigo ne da ya ware daga sauran ruwan ƙwaya. Ta yaya abu mai ruwa zai jure jan da mazari ke yi?

Dakta Abu Safwan:
Hajiya kin taɓo inda masana kansu suke ja-in-ja. A 2017 Jeffrey Woodruff da Anthony Hyman a Dresden suka nuna SPD-5 na tsutsa yana taruwa da kansa a kwalba ya yi ɗigo, ɗigon ya jawo ZYG-9, ɗan uwan ch-TOG, da TPXL-1, su kuma su tara tubulin har bututu ya tsira ko ba zoben gama. Amma su ma sun ga ɗigon yana daskarewa in ya jima. Ɓangaren Jordan Raff kuwa, da Cnn na ƙuda suke aiki, ɗan uwan CDK5RAP2, kuma abin da suke gani saƙa ce mai ƙarfi da ake ginawa daga jikin sentiriyol tana turuwa waje. Ni na fi karkata ga cewa a tsakiyar rabuwa ƙarfi ne da shi, saboda dalilin da kika faɗa. A ƙarshen rabuwa, in PP2A ya cire fosfet ɗin da PLK1 ya liƙa, sai ya yi laushi, jan da ake yi daga bango ya yayyage shi.

Ɗan Lab:
Na saurari kowa. Ina nan a kan cewa mazari na kuromosom ne da motoci, sentirosom mai hanzartawa ne da saita fuska. Sai dai ina da tambaya ta aiki. In sentirinon yana tsayar da ƙwayoyi masu lafiya, na sankara kuma su wuce abinsu, ai maganin da ke hana PLK4 aiki, irin shi sentirinon ɗin, ya zama baya-ba-zane. Don me har yanzu ake bin sa?

Dakta Abu Safwan:
Saboda ba duk sankara ce ke wucewa ba, kuma dalilin yana cikin abin da muke muhawara a kai. Ƙwayar da ta rasa sentiriyol ba da hanyar Ran kaɗai take dogara ba. CEP192 da perisentirin da CDK5RAP2 suna nan, suna taruwa su yi 'yan ƙananan curi ba sentiriyol a tsakiya, curin su zama kawunan mazari. Ƙwan ɓera ma haka yake yi, da curin perisentirin da gama-tubulin.

A 2020 ƙungiyar Oegema da ta Holland, kowace a nata ɓangaren, suka gano cewa wasu ƙwayoyin sankara suna mutuwa murus in aka ba su sentirinon. Abin da ya haɗa su shi ne yawan TRIM37, enzayim mai sa wa furotin alamar a niƙe shi. Umarnin gadonsa yana kan kuromosom na 17, a yankin 17q23, yankin da ke ninkuwa a wani kaso na sankarar mama da kuma niyurobilastoma ta yara. TRIM37 in ya yi yawa yana rage furotin ɗin PCM, musamman CEP192. Muddin sentiriyol yana nan, ɗan abin da ya rage yana da wurin taruwa, rabuwa ta tafi. In ka cire sentiriyol, babu isasshen da zai yi curi, mazari ya kasa haɗuwa, ƙwaya ta mutu a cikin rabuwa. Ƙwayoyin sankarar mama na MCF-7 suna cikin waɗanda aka gwada. Don haka masu neman maganin yanzu ba kowane majinyaci suke nufi ba, wanda ƙarinsa ke da yawan TRIM37 suke nema.

Autar Mama:
Dakta, ke nan a ƙwayoyin sankarar da suka ci gaba da rabuwa bayan sentirinon, in aka cire musu CEP192 su ma za su kasa?

Dakta Abu Safwan:
Ƙwarai kuwa, ƙanwata, kuma an gwada irin wannan. Ƙwayar da ba ta da sentiriyol, in aka rage mata CEP192, ko aka cire perisentirin da CDK5RAP2, haɗa mazari yana gagarar ta, alhali mai sentiriyol tana iya jure rashin perisentirin da CDK5RAP2 ta rabu. A ɓangaren TRIM37 ma an juya gwajin: da aka rage shi a ƙwayoyin da ke da shi da yawa, curin PCM ya dawo, sentirinon ya daina kashe su.